Shirun da Na Yi a Gaban Buhunan Hamsatu

Da azumin bana Hamsatu ta cika shekara goma sha ɗaya a ƙarƙashin ƙasa. Tara daga cikinsu na yi su ina fushi da ita a kan abu guda, biyun ƙarshe kuma ina fushi da ita a kan wani abu dabam. Ban yi lakwal ba, ban san boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana.

Bazabarmiya ce ƴar Saga, ni ƴar Zongo. Shekara talatin muna Babbar Kasuwa, ita da buhunan shinkafarta, ni da atamfofina, layi biyu ne tsakaninmu. Na girme ta da shekara huɗu, don haka Yaya take ce mini, kuma ita ke fara gaisuwa. Haka aka tashe mu: ƙarami ke gaida babba, babba ya amsa. Ko gaggawa take sai ta tsaya ta ce, "Fofo, Yaya, kwana lafiya?" da Hausarta ta kasuwa wadda ke mai da namiji mace. Ni na wanke ƴaƴanta biyu ranar da aka haife su. Ita ta riƙe ni ranar da aka fitar da gawar maigidana.

Wata shekara da girbi ta faɗi a wurin shanyar shinkafa. Aka ce tansiyo ne, wato jini ya hau mata. Kwana tara tana lopital, asibiti ke nan, lokotoro na duba ta, kullum ina zuwa, da sallamata tun daga bakin ƙofa, ita kuma ta amsa, "Yaya, kin zo?" Ta tashi da ƙafafunta, bakinta bai karkace ba, hannunta bai shanye ba. Muka yi wa Allah godiya.

Bayan wata biyu aka yi suna a Zongo. Ina zaune a tabarma cikin mata ta shigo. Ta dube ni, ido cikin ido, ta wuce ta zauna can gefe. Na ce ko taro ne ya ruɗe ta. Sati na zagayowa muka yi kaciɓis a ƙofar kasuwa, ta sake duba na kamar wadda ke kallon bango, ta raɓa ta wuce.

Ni mace ce mai lura, kowa ya shaide ni da wannan. Ban tsaya zato ba, na hau taksi har Saga na samu babbar ƴarta Mariyama tana tankaɗe. Na ce, "Ke Mariyama, idon uwarki lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau, Inna. Lokotoro ya auna, har zare take sa wa allura." Ba ta ɗago kai ba. Na ɗauka kunya ce.

To in ido lafiya, saura me? Hausawa suka ce labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuwa na tambaya. Ran wata Litinin na tafi har gaban buhunanta na tsaya, na naɗe hannu, na rufe bakina. Na ce yau zan ga iyakar girman kan. Ta ɗago ta kalle ni, ta daɗe tana kallo, har ta duba zanena da takalmina. Sannan ta ɗauki kwanon awo ta ce, "Madam, tiya nawa za a auna miki?" Maƙwabtanta na kallo. Na juya. Shekara biyu ban sake bin layin shinkafa ba, har ranar da aka zo aka ce mini ta cika. Na je gaisuwa, na zauna bakin zaure kamar baƙuwa.

Shekara biyu da suka wuce Mariyama ta zo gidana, ta zama babbar mace har da furfura a gaban goshi. Ta durƙusa ta ce akwai nauyin da take son saukewa. Ta ce tun a lopital lokotoro ya yi wa kan uwarta hoto, ya kira su ya yi musu bayani. Wai ido ba shi ke gane mutum ba, ɗauko kaya kawai yake. Akwai wuri a ƙeya da ke karɓar abin da ido ya kawo, akwai wani da aikinsa haɗa hanci da baki da goshi su zama fuskar wane, akwai kuma wanda ke ajiye suna da duk zaman da aka yi. Sai sun miƙa wa juna kafin mutum ya ce ga Yaya. Na ce ban gane ba. Ta ce, "Inna, kin san gonakinmu. Injin na jawo ruwa daga kogi, babbar hanyar ruwa cike take, amma in ƙofa guda ta toshe, fage ɗaya zai bushe, na kusa da shi kuwa kore shar." Wurin haɗa fuska ne jini ya yanke wa. Kunne kuwa hanyarsa dabam ce, ita ba ta toshe ba. Da murya Hamsatu take gane kowa, har mijinta.

Wato da na buɗe baki a gaban buhunan nan, ko da zagi ne, da ta ce Yaya.

Na ce, "Na zo har gida na tambaye ki." Ta ce sun ji tsoro. In magana ta fita za a ce taɓin hankali ne ko iska, ga ƙanwar Mariyama ba ta yi aure ba. Wannan na fahimta, ko da yake ba a ɓoye wa ungozoma ciki. Sai ta faɗi abin da ya fi ƙona ni. Ba ubansu ne ya hana a gaya mini ba, Hamsatu ce da bakinta. Ta ce musu, "Kowa ya ji, ban da Yaya. In ta ji, za ta kwashe buhunana ta zaunar da ni gida, ta sa mini ido kamar jinjiri." Kuma a shekara biyun nan, duk Juma'a sai ta tambaya ko na aiko, ta ce me ta yi mini da na daina zuwa. Su kuwa sun san abin da ya faru a kasuwa, maƙwabta sun gaya musu. Suka bar ta tana tambaya, suka bar ni ina kumbura.

Da zan kwashe buhunan? Da na kwashe, ba na ƙarya. Ta san ni sarai. Amma sanin hali bai ba ta izinin yanke mini hukunci a bayan idona ba. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne, ita ta zaɓi tiyarta ta bar ni a duhu, ta bar ni na yi mata abin da zan mutu ina jin kunyarsa.

Nakan ce da tana nan yau da ta sha dariya. Yanzu kowa murya yake aikawa ta tarho, matan kasuwa na ta surutu da bakin wayarsu tun safe. Da zamanin nan ya yi mata daidai, da babu wanda zai ɓace mata. Kuma da ta ga samarin yanzu, kansu lafiya lau, dukan hanyoyin a buɗe, suna wuce iyayensu ido a kan gilashin waya, da ta ce, "Yaya, ni aƙalla ina da uzuri."

Mariyama ta nemi gafara, na ce na yafe, don ƴa ce, kuma umarnin uwarta ta bi. Hamsatu kuwa ban gama da ita ba. Ina yi mata addu'a bayan kowace salla, Allah Ya haskaka kabarinta, ina gamawa zuciyata ta koma inda take. Abin da ta bar mini shi ne na daina yarda da idona shi kaɗai, ni da nake taƙama da shi. Yau a Zongo ni ke fara gaida waɗanda na haifa, da ƙarfi, in faɗi sunana. Suna cewa tsohuwa ta yi laushi. Ba laushi na yi ba, tsoron shiru nake.

Tafiyata ba ta da nisa yanzu. In Allah Ya haɗa mu, akwai faɗan da zan yi mata mai tsawo, kuma ba zan naɗe hannu in jira ta ba. Ni zan fara magana.