Usur ɗin da ake busa wa bunsuru

Shekaranjiya ina kwashe tsofaffin zannuwa daga akwatin ƙarfe sai hannuna ya taɓa shi: ɗan usur na tagulla, tsawon yatsa, duk ya yi kore. Na kai shi hanci. Warin gishirin teku bai bar shi ba, ni ma kuma fushin da na gada tare da shi bai bar ni ba.

Na kakana ne. A hannunsa na tashi a unguwar Ammariyya, can ƙasar Larabawa, a wani gida da iskar teku ta cinye bangonsa. Ya yi shekaru yana aiki a mina, tashar jiragen ruwa, ƙarƙashin wani Bature ɗan Ingila, ya dawo gida da yatsu uku a hannun dama da bakin da ya cika da yaren matuƙa. In zai tashe mu da asuba sai ka ji "Ol hans on dek!", wato kowa ya fito. In ya aike ka, sai ka ce "Ay ay, sa" kafin ka motsa. Wanda ya zubar da shayi kuwa ya sha "bulodi ful", zagin da shi ma ya sha har ya ƙoshi.

Muna da wani bunsuru mai wari, kakana ya sa masa suna Kyaftin. Kullum bayan la'asar, in ya dawo daga yawon cin kwali a lungu, sai tsohon ya miƙe ƙyam a bakin ƙofa ya busa masa usur: sauti ya hau sama, ya tsaya, ya sauko. Mu yara muna ta birgima don dariya. Shi ko murmushi ba ya yi.

Kakata ce ta faɗa mini dalili, wata rana da zafin bazara muna tsince shinkafa, gumi na ɗiga mana. Ta ce wannan busa ta girmamawa ce, Turawan Ingila ba sa yin ta sai sarki ko babban mutum zai hau jirgi. Wata rana wani ɗan gidan sarautarsu ya sauka a mina, teku kuma na tashi. Baturen ya sa kakana ya riƙe igiyar ƙaramin jirgin baƙon don kada ya gogi dakalin tashar fentinsa ya kankare. Yana ta ihu, "Hol fas! Hol fas!", wato kada ka saki. Kakana bai saki ba. Igiyar ta naɗe hannunsa ta tafi da yatsu biyu. Da kakana ya kurma ihu, sai Baturen ya ƙara ƙarfin usur ɗin da yake busa wa baƙon don kada baƙon ya ji, ya sa aka jefa buhu a kan jinin. Bayan mako guda ya sallame shi, wai mai yatsu uku ba ya riƙe igiya.

Ranar da kakana ya je kwasar kayansa ya ga usur ɗin rataye a ƙusa. Ya sa a aljihu. Ni ban taɓa kiran wannan sata ba, kai ma kada ka kira shi haka a gabana.

Da ciwon ajali ya kama shi, ni ya damƙa wa. Ya ce, "Ya binti, 'yata, amana. Kada a busa wa ɗan Adam. Na bunsuru ne."

Yanzu muna unguwar Madain Fahd. Ɗana yana aiki a wannan mina ɗin, a ofis mai sanyi, yatsunsa goma cif, alhamdulillahi. Jiya ya kawo mana shugabansa cin abinci, Bature ɗan Ingila, mutum mai ladabi, har takalmi ya cire. Da ya ga usur ɗin a kan tebur sai idonsa ya yi haske. Ɗana, wanda Hausarsa duk ta koma Larabci, ya ce, "Ummi, yalla, ki busa wa mudir, shugabana. Zai ji daɗi, wallahi."

Na san yana jiran ƙarin girma a hannun mutumin nan. Na san kuma baƙon bai yanke yatsan kowa ba. Na dubi hannunsa fari sol a kan kofin shayi, sai na ga buhun nan da aka jefa a kan jinin.

Na tashi na buɗe ƙofar tsakar gida, inda muka ɗaure bunsurun da za a yanka ranar sunan jikata. Na miƙe ƙyam, na juya wa falo baya, na busa: ya hau, ya tsaya, ya sauko. Baƙon ya ajiye kofinsa. Ya san busar, ya kuma ga wanda aka yi wa.

Ɗana bai yi mini magana ba tun jiya. Jiragen yanzu injina ke ɗaure su, babu mai riƙe igiya, yaran kuma sun ce abin ya wuce, halas, wato an gama. To, ya wuce musu. Na goge usur ɗin da lemun tsami da toka, na rataye shi a bakin ƙofar tsakar gida.