Mun Aika da Rasuwar Isufu Garin da Ba Nasa Ba

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Malam Isufu Ɗan Tanut makwancinsa a nan Sabha ta ƙasar Libiya, kuma har yau da nake wannan rubutu mutanen gidansu ba su san ya rasu ba. Ni ne amininsa. Ni na riƙe buta aka yi masa wanka, ni na ɗinka likafanin da kekena, kuma ni ya kamata in kai saƙon. Ban kai ba, don ban san inda zan kai shi ba.

Wanda bai taɓa zama a nan ba zai yi mamaki, to bari in faɗi yadda muke. Baƙo in ya sauko daga mota, gidan 'yan garinsu yake nema a unguwar Tayuri. Daga ranar sunan garin ya manne masa: Ɗan Tawa, Ɗan Madawa, Bakano. Balaraben da zai ɗauke shi aiki kuwa ba ruwansa, kowa "ya Hajj" ne a wurinsa. Sai ku shekara goma kuna cin tuwo kwano ɗaya da mutum ba ka san sunan ubansa ba.

Wannan ɗabi'ar ce Isufu ya tsana. Sana'arsa sa ƙotar shebur da diga a bakin titin Gurda, inda leburori ke zama da safe suna jiran motar aiki. Lokacin dabino ya tafi gonakin Gudduwa, in an gama ya dawo kan buhun da yake zama a kai a bakin titi. Da ya hango sabuwar fuska sai ya yafito ta. "Kai, zo nan. Sunanka na yanka? Ubanka fa? Wane gari? Ba wanda kake faɗa wa 'yan sanda ba, wanda uwarka take ciki." Wasu su ji haushi, su ɗauka ɗan rahoto ne. Ni kaina na taɓa ce masa, "Haba Malam, wannan titsiye fa?" Bai ko ɗago daga ƙotar da yake fiƙewa ba ya ce, "Tela, ranar da katako ya karye da shi a saman gini, kai za ka gaya wa uwarsa?"

Bai iya rubutu ba, duk a ka yake riƙewa. In an yi rashi, kafin a nemi mai haƙa kabari shi ake nema. Zai rufe ido ya ce wane ne ɗan wane, ƙauye kaza, akwai ƙaninsa da ke sayar da albasa a tasha kaza. Kafin sadakar uku gida sun ji.

Zazzaɓin kwana huɗu ne ya tafi da Isufu. Mun yi kuka, amma batun saƙo bai dame mu ba ko kaɗan. Ai Ɗan Tanut ne. Muka ba wani direba hotonsa da 'yar jakarsa ya sauka da su Tanut. Bayan wata biyu direban ya dawo mana da jakar. An yi cigiya a masallacin Juma'a, an je wurin mai gari, babu wanda ya san fuskar. Sai daga baya aka samu tsohon da ya taɓa riƙe gidan 'yan Tanut a Tayuri, wanda tsufa ya mayar da shi gida. Ya dubi hoton ya ce, "Isufu? Ai ba namu ba ne. Motarmu ya shigo daga Agadas, ba shi da kowa, muka ba shi tabarma. Shi ke nan suna ya bi shi."

Wallahi ranar da na ji wannan magana kunya ta fi baƙin ciki ƙarfi a raina. Shekara goma sha ɗaya muna tare. Ya san sunan kakata, ya san unguwarmu a Damagaram har da bishiyar ƙofar gida. Ni kuwa ban taɓa buɗe baki na mayar masa da tambayarsa ba, ko sau ɗaya. Wata rana ina ɗinka rigar yarinya ya tsaya yana kallo, ya ce, "Tawa 'yar ma ta isa sa irin wannan yanzu." Na ce Allah ya raya, na ci gaba da taka keke. Kai, wane irin sakarci ne wannan!

Ba zama na yi ba. Takardar shaidar da muka samu a jakarsa ta aro ce, sunan wani ne a jiki. Lambobin wayarsa duk na mutanen Sabha ne. Aderawa suka ce bakinsa nasu ne, Gobirawa suka ce ƙarya ne, nasu ne, alhali Hausarsa ta daɗe da cakuɗewa da Larabci da ta kowa. Duk mai sauka gida na ba shi hoto, har hoton ya ƙare na sake wankewa. Shiru.

Wani lokaci ina tambayar kaina, da zai leƙo titin Gurda yau me zai ce? Yanzu kowa da babbar waya, kullum ana magana da gida, sai mutane suka ɗauka an wuce zamanin tambaya. Watan jiya wani magini da muke kira Dogo ya faɗo daga hawa na biyu. Wayarsa a kulle, ba wanda ya iya buɗewa, muka binne shi da sunan Dogo kawai. Na gwada zama a gurbin Isufu, amma tsoron kame ya sa ba mai son faɗin garinsu. Da na tambaya sai a ce, "Baba, ina ruwanka?" Wanda ma ya faɗa, kaina ba ya riƙewa kamar nasa.

To me ya rage na Isufu? Akwai gidaje da yawa, daga Tawa har Katsina, da suka yi zaman makoki a kan lokaci, matan suka yi takaba suka fita, saboda wani mai gyaran ƙota ya dage da tambaya. Wannan yana nan a mizaninsa in sha Allah. Abin da ba mu iya ba shi ne mu yi masa irin abin da ya yi wa kowa.

Don haka ga roƙona ga mai karatu. In a garinku akwai matar da mijinta Isufu ya tafi Libiya tun da daɗewa, gajere ne, baƙi, ɗan yatsansa na hagu a gutsure, ya bar ta da 'ya mace, don Allah ka je ka same ta. Ka gaya mata ba gudunta ya yi ba. Ya rasu ranar Talata da hantsi da kalmar shahada a bakinsa, an sallace shi, sahu ya cika. Ta daina jira.