Motar da Ba Ta Jin Ƙishi a Taura

Motarmu ta farko ta girmi aurenmu nesa ba kusa ba. Tsohuwa ce mai shan dizal, launin ruwan madara, kujerunta sun lotsa daidai zaman mutum. Maigidana ya same ta ne daga hannun baffansa mai fataucin shanu, kuma da ita yake zuwa zance gidanmu a Taura. Tun daga kan kwana nake jin gurnaninta. Sai in tura littafin soyayyar da nake karantawa ƙarƙashin matashi, in hau neman mayafi. A cikin littattafan nan samari da motoci masu sulɓi suke zuwa, ba a jin motsinsu. Nawa kuwa duk unguwa ta san ya iso, kuma ni hakan ya fi mini.

Da muka tare a Dutse, a Limawa muka sami gida, can gindin duwatsu, inda ƙofar gida gangara ce har bakin titi. Ana nan kik ɗin motar, wato abin da ke tayar da inji, ya mutu, in an murɗa makulli sai ƙas-ƙas kawai. Maigida bai damu ba, ya ce Allah ya ba shi gangara kyauta. Kullum da yamma sai ya juya ta, hancinta na kallon ƙasa, ya sa mata dutse a gaban taya. Da safe ya buɗe bonet ya duba mai, ya ture dutsen da ƙafa, ya faɗa ciki da sauri. Ta silalo shiru kamar amarya, ya sa giya, ya saki kuloci, ta yi tari ta kama. Ni ina leƙe ta soro, ina jin kamar jarumi ne ya hau ingarma.

A wannan zamanin ta fara shan baƙin mai. Duk safiya in ya zaro geji, wato siririn ƙarfen da ake auna man inji da shi, sai ya ga man bai kai alama ba. Ya ɗauko galan ya ƙara. Gobe ma haka. Sai kuma hayaƙi shuɗi-shuɗi ya fara bin bayanta, har maƙwabciyata ta ce shanyarta warin gareji take yi. Abokan aikinsa suka ce ringin da ke tare mai a cikin inji ne ya cinye, sai an sauke inji, kayanta kuma sun yi wuyar samu. Wata rana muna cin tuwo ya ce ya gaji, zai ba masu farfasa motoci ita.

Na ajiye cokali. "Yallaɓai, motar da ta kawo ka wurina za ka ba masu guduma?"

"Amarya," in ji shi, don har yau haka yake kirana in zai tsokane ni, "ita ta kawo ni, amma yanzu ni nake ɗauke da ita."

Na roƙe shi ya kai ta wurin bakanike sau ɗaya tak kafin ya yanke hukunci, kuma na ce da ni za a je. In rabuwa ce, a yi ta a gabana.

Ran Asabar muka gangara zuwa wani gareji ta wajen Takur. Mai garejin dattijo ne mutumin Filato, Kirista, ya daɗe a Dutse har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Ya sa aka kawo mini benci a inuwa da kofin ruwa, ya saurari ƙorafin maigida har ƙarshe bai katse shi ba.

"Man inji hanya biyu gare shi, Malam," ya ce. "Ko ya zuba ƙasa, ko inji ya ƙone shi. Bari mu tambaye ta."

Ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, ya bar ta tana aiki. Ya kwance murfin da ake zuba mai, ya ɗora shi a bakin ramin bai ɗaure ba. Ya ce in ringi ya mutu, iska za ta riƙa bugowa daga ciki, murfin ya yi ta rawa har ya faɗo. Na zuba wa murfin nan ido kamar mai jiran amsar neman aure. Ya ɗan yi karkarwa, ya zauna abinsa. Dattijon ya kara farin tsumma a bakin salansa, ya sansana. Ya janyo kwalin, babu komai sai ɗigo ɗaya. Da ya cire robar da iska ke bi zuwa inji kuwa, sai ga cikinta jage-jage da mai.

Ya kashe ta, ya bari ta huce, ya zaro geji. Man ya wuce alama da kusan gaɓar yatsa.

"Malam, ai wannan ta ƙoshi har ta yi gyatsa."

"Yau na ƙara mata, Oga. Gobe da safe ka zo ka gani, za ka tarar ya yi ƙasa."

"A tsaye, ba ta zubar ba, ba ta tafi ko'ina ba? To wa ke sha, aljanu?"

Suka tsaya suna kallon inji. Ni kuma abin da na daɗe ina riƙe da shi a zuciya ya fito, ko da na san za a yi mini dariya.

"Baba, ni fa na san ciwonta. Kewa ce. Duk ranar da muka kwana a Taura, da safe ba ta neman ko ɗigo. A can aka fara komai, a can hankalinta yake kwanciya."

Maigida ya dafe goshi. "Ka yi haƙuri, Oga, littattafai ne suka yi mata yawa."

Dattijon bai yi dariya ba. Ya juyo gaba ɗaya. "Madam, a Taura ina take kwana?"

"Gindin darbejiyar ƙofar gidanmu."

"Wurin a miƙe yake?"

"Shimfiɗe kamar faifai."

"A Limawa fa?"

Na buɗe baki, sai na ga maigida ya cire hula yana sosa ƙeya. A hankali ya ba da labarin kik da gangara da dutsen gaban taya. Dattijon ya zauna a kan wata tsohuwar taya yana dariya har da share hawaye. Ya karɓi kofin ruwan da ke hannuna, ya karkata shi. Ruwan ya taru gefe guda, ɗaya gefen ya yi ƙasa. Ya ce haka man yake yi in mota ta kwana a karkace, geji ya nuna babu alhali akwai. Ana ƙarawa ya yi yawa, inji ya watso rarar ta hanyar iska, ya ƙone ta, ga hayaƙin nan.

"Ɗura kake yi mata kullum kamar jaririya, Malam, ita kuma tana amayarwa."

"To ba ringi ba ne?" na tambaya.

"Tsohuwa ce, za ta ɗan taɓa kaɗan, wannan haƙƙinta ne. Amma ba ta kai ga guduma ba."

Ya rage man, ya wanke robar, ya ce a auna ta a miƙaƙƙen wuri kawai. Kik ɗin ma ashe wani ɗan abu a cikinsa da ake kira gawayi ne ya cinye, a ranar aka canza. Cikin 'yan kwanaki hayaƙin ya washe, galan ya koma lungu, maƙwabciyata ta dawo da shanyarta bakin katanga. Ba a sake ambaton masu farfasa motoci a gidanmu ba.

A hanyar komawa gida ran nan maigida ya ce, "Kin ji dai, gangara ce, ba kewa ba."

Na ce na ji. Amma na ƙara da cewa da ban lura da halinta a Taura ba, da yanzu ƙofofinta suna rumfar wani, sitiyarinta na rumfar wani. Sai ya tsaya a bakin hanya ya saya mini tsire.

Abin da na rasa shi ne silalowar nan ta safe. Na faɗa masa sau ɗaya, a cikin hira, ban ɗauka ya riƙe ba. Wata Juma'a bayan la'asar za mu je Taura gaida Innata, na fito na tarar ya juya hancinta ƙasa, ga dutse a gaban taya. Ya buɗe mini ƙofa, ya ture dutsen da ƙafa, ya faɗo ciki yana haki. Muka gangara shiru, iska na kaɗa gefen mayafina, har sai da muka kusa titi ya saki kuloci, ta yi tari ta kama.