Ranar da Baba Ya Auna Karanshaf Uku a Teburin Mama

Babanmu bakanike ne, amma ba kowace mota yake taɓawa ba. Idan ka kawo masa mai lagireto, wato mai sanyaya inji da ruwa, zai leƙa ta cikin ladabi, sannan ya nuna maka garejin maƙwabcinsa. Shi aikinsa tsofaffin motocin nan ne masu doro, waɗanda injinsu ke baya kuma iska ke sanyaya shi, ba ruwa ba. Mutane na ce wa motar kunkuru, shi kuma suka laƙaba masa Mai Kunkuru, har sunan yankansa ya kusa ɓacewa a layin masu gyaran mota.

Da can direba ne, yana raba burodi a shaguna da wata motar ɗaukar kaya mai irin wannan inji. Wata rana yana hawan tudu sai ya ji ƙara a baya kamar an jefar da guduma cikin durom. Da aka buɗe injin, karanshaf ya rabu biyu, alhali wata biyu ke nan da sa shi. Karanshaf shi ne karkataccen ƙarfen nan mai gwiwa-gwiwa da ke tsakiyar inji, fistan, wato ƙarafan da ke kai da komo a cikin injin, na tura shi yana juyawa, shi kuma yana juya komai. Bakaniken da ya yi aikin ya ɗaga kafaɗa ya ce ƙaddara ce. Baba ya kwaso guntayen biyu ya kawo gida, ya yi kwana uku yana kallon wurin da ya karye, ya ga cikinsa tsaki-tsaki kamar sukari.

"Wannan ba ƙaddara ba ce," ya ce wa Mama. "Ƙarfen banza ne aka yi wa wanka."

A shekarar ya ajiye tuƙi ya shiga koyon gyara, yana da shekara talatin, ni kuma ina goye a bayan Mama. Ya yi shekara biyar a ƙarƙashin wani tsoho mai faɗa, sannan ya buɗe nasa garejin, wata rumfar kwano mai rami ɗaya da benci mai tsawo. Motocin suka daina yayi, abokan aikinsa suka koma kan sababbi, shi bai motsa ba. Ya ce in dai akwai kunkuru ɗaya da ke numfashi a garin, to yana da aiki.

Mutum ɗaya yake sayen karanshaf a wurinsa, Dogo, mai yankan tsofaffin motoci a bayan kasuwa. Dogo na ciro su daga injinan da suka mutu, ya wanke da kananzir ya jera a ƙasa. Baba ya yi imani ƙarfen da ne kawai ƙarfe. Akwai Ɗan Gayu, wanda ke kawo sababbi cikin kwali mai hoto, masu ƙyalli da sauƙin farashi, amma Baba ko gaisuwa a tsaye yake yi a shagonsa. Sai kuma Hajiya, wadda ta gaji shagon kayan gyara bayan rasuwar mijinta. Ita ma sababbi take kawowa. Baba ya taɓa cewa a gaban mutane ba ya jin ta san gaban karanshaf daga bayansa, kuma maganar ta kai mata.

Abin da zan ba ku labari ya faru ne shekarar da na gama karatun haɗa magunguna na dawo gida. Wata ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, kowa na ce mata Sista, ta zo da wata kunkuru mai launin ruwan madara wadda ta gada wurin mahaifinta. Injin na buga ƙafa kamar mai fushi. Baba ya sauke shi, ya raba shi biyu, ya auna karanshaf ɗin ya girgiza kai. An riga an yanke shi sau uku a wurin masu gyaran ƙarfe, babu sauran naman da za a cire.

"Sai dai a sa wani, Sista."

"To sa min wanda ba zai ajiye ni a daji ba," in ji ta. "Jikokina tafiyar awa shida ce daga nan, kuma ni kaɗai nake tuƙa kaina. Gwiwoyina ba na tura mota ba ne."

"Zan je wurin Dogo."

"Shi kaɗai ne mai sayarwa?"

"Shi kaɗai ne mai na kirki."

Sista ta zare tabarau ta dube shi. "Malam, shekara talatin da biyar ina aiki, ban taɓa yarda da awon jini ɗaya ba in abin mai girma ne. Ka karɓo na kowa ka gwada, in ga da idona."

Irin muryar da ake ce wa majinyaci ya kwanta a yi masa allura ce, ba ta barin ƙofar gardama. Washegari Baba ya samo guda uku, kowanne da sharaɗin zai mayar in bai yi ba. Na Hajiya ni ya aika na karɓo, wai shi ƙafarsa na ciwo.

Aka yi rashin sa'a ranar Asabar da za a yi gwajin, ruwan sama ya tsuge tun safe, rufin gareji kuwa yana yoyo daidai kan benci. Baba ya naɗe ƙarafan cikin buhu ya kawo su gida. Mama ta fito daga kicin ta tarar ya shimfiɗa jarida a kan teburin cin abinci, ya jera su kamar jarirai.

"Malam, me nake gani haka?"

"Baƙi ne, Gimbiya. Awa ɗaya za su yi su tafi."

"Baƙin naka na ɗigar da baƙin mai a kan teburina."

"Jaridar ce za ta sha."

Sista ta iso da lema, Mama ta kawo mata shayi, muka zagaye teburin. Baba ya fara da abin da ya fi so. Ya rataye kowane karanshaf da igiya a ƙugiyar fanka, ya ƙwanƙwasa shi da ƙaramar guduma. Na Dogo ya yi ƙara mai daɗi amma ta mutu da wuri. Na Ɗan Gayu ya ce kwas, kamar an bugi tukunyar da ke cike da ruwa. Na Hajiya, wani mai duhu marar ƙyalli, ya ɗauki amo kamar ƙararrawar makaranta, har muka gama kallon juna yana yi.

Baba ya yi tari. "Kunne na iya ruɗin mutum. Bari mu auna."

Ya ɗauko ma'auninsa daga akwatin katako, wanda ke gane bambancin da bai kai kaurin gashi ba, ya bi wuraren da boris, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a cikinsu, ke zama ɗaya bayan ɗaya yana faɗa ina rubutawa. Na Ɗan Gayu wuri ɗaya ya fi 'yan'uwansa siranta, wani kuma ba zagayayye ba ne, ya ɗan yi ƙwai. Baba ya zura siririyar waya a ramukan da mai ke bi, sai ga ɓurɓushin ƙarfe na zubowa kan jarida.

"Kin gani, Sista? Wannan da an tayar da inji zai aika yashi cikin boris. Wata uku ya yi yawa." Murna ta cika fuskarsa, don abin da ya daɗe yana faɗa ke nan. Ya tura shi gefe da yatsa ɗaya.

Na Dogo awonsa ya fita lafiya. Na Hajiya ma haka, wuri bayan wuri, ko ɗigo bai kauce ba. Ya ɗora su kan ƙarafa biyu masu baki ya juya a hankali don ya ga ko akwai lanƙwasa, allurar agogon awo ta ɗan yi rawa a na Dogo, a na Hajiya kuwa kamar an manne ta.

"Saura gwaji ɗaya," ya ce, muryarsa ta ɗan sauka. "Gimbiya, ara min hodarki."

"Wace hoda?"

"Ta fuska. Farar nan."

"Wadda 'yarka ta sayo min? Malam, ka ji tsoron Allah."

Sista ta fashe da dariya ta ce ita za ta sayo mata sabuwa. Baba ya shafe ƙarafan biyu da kananzir, ya jira, ya goge su ƙal, sannan ya barbaɗa hodar. Falo ya cika da ƙamshin fure da warin kananzir. Ya ce in akwai tsaga, kananzir ɗin da ya ɓuya a ciki zai fito ya jiƙa hodar. Muka zuba ido. Na Hajiya ya zauna fari fat. A na Dogo kuwa, daidai kwanar gwiwa ta ƙarshe, wani siririn layi ya fara bayyana kamar an ja shi da fensir.

Baba ya daɗe yana kallonsa. Ya goge, ya sake barbaɗawa, layin ya sake fitowa.

"To, Malam," in ji Mama cikin sanyin murya, tana tattara kofuna, "ashe Hajiya ta san gaba da baya."

Ranar Litinin na raka shi mayar da kaya, don ni ke da mota mai but ɗin zuba kaya. Ɗan Gayu ya nuna masa rubutun kwalin, ya ce ga shi nan an rubuta ingantacce da manyan baƙaƙe. Baba ya ce ai ba kwalin zai ɗaura wa injin ba. Dogo kuwa ya tashi tsaye da dukan tsawonsa ya rantse ƙarfensa ba ya tsagewa, sai da Baba ya zaro hodar Mama daga aljihu ya nuna masa a gaban shagon. Dogo ya duƙa ya kalla, ya sosa ƙeya.

"Kai, tsufa ne ya kama shi, kamar ni da kai," ya ce. "Ka bar min hodar nan mana."

Shagon Hajiya ne ƙarshe. Ɗan ƙarami ne, kantoci har rufi, kowane kaya da takardarsa a ɗaure. Baba ya yi sallama, ya gaishe ta, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya koma ya sake tambayar iyali. Ita kuwa ta bar shi yana ta kewaye.

"Hajiya, ƙarfen nan ya yi," ya ce daga ƙarshe. "Wane kamfani ne?"

"Kamfanin ba shi ne maganar ba, Malam. Masu kawo min uku ne, kuma kowannensu yana da rana mai kyau da marar kyau." Ta jawo aljihun tebur ta fito da ma'auni irin nasa sak, hannunsa ya goge don amfani. "Na maigidana ne, Allah ya jiƙansa. Shekara ashirin ina riƙe masa fitila yana awo. Duk wanda ya shigo shagon nan sai na auna shi. Wanda aka buga da zafi a maƙera nake ajiyewa, wanda aka zuba a zubi in mayar. Kayan da suka zo watan jiya, cikin goma huɗu na kora."

Baba ya cire hula ya sake sawa. "Na taɓa yin wata magana a kanki..."

"Na ji ta tun ranar."

"To ki yafe min. Bakina ya riga ma'aunina."

"Na yafe. Amma ka duba ramukan fil na bayansa, inda ƙananan ƙusoshin nan ke shiga, kafin ka ɗaura, wani lokacin sukan zo a matse. Ka bi su a hankali, kada ka sa guduma."

Haka kuwa aka yi, biyu daga ciki sun matse. Baba ya yi kwana huɗu yana haɗa injin, yana wanke kowane ƙarfe sau biyu. Da ya murɗa makulli, injin ya yi tari sau ɗaya, ya kama, ya zauna yana kaɗawa sumul. Sista ta yi tafiyarta ta dawo, ta sake komawa, yanzu shekara shida ke nan ba a sake buɗe injin ba.

Tun daga nan Baba ya daina tambayar tsoho ne ko sabo. Yana saye wurin Hajiya, yana saye wurin Dogo, wanda yanzu ba ya jera ƙarfe sai ya barbaɗe shi da hoda, har Ɗan Gayu ya taɓa kawo wani da ya ci gwaji, Baba ya yaba masa a gaban jama'a. Sista da Mama kuwa suka zama ƙawaye, kullum suna waya.

A bara Mama ta ce ita ma tuƙi za ta koya, tana da shekara hamsin da takwas. Sista ta ce a kunkurunta za ta koya mata, a filin bayan makaranta, da yamma. Baba ya ce sai ya bi su. Ya shiga kujerar baya ya kwantar da kai, kunnensa manne da jikin motar, injin na bayansa.

"Malam, ya tuƙin nawa?" in ji Mama, ta ƙanƙame sitiyari da hannu biyu.

"Madalla, Gimbiya. Sai dai ki ƙara giya, kina wahalar min da shi."

"Hanya nake tambayarka, ba inji ba!"

"Hanyar ai ta Sista ce."

Mama ta sa giya ta biyu, motar ta yi tsalle ta miƙe, ta zagaye filin sau uku ba ta mutu ba. A zagaye na huɗu ta manta inda birki yake, ta je ta sumbaci ragar 'yan ƙwallo a hankali. Su uku suka fito suna dariya har da hawaye. Wata biyu bayan haka ta karɓi lasisi, kuma yanzu ita ke kai Baba gareji da safe.