Kalangun da Ba Ya Ƙyale Mai Shigowa

Duk wanda ya san garin Keita ya san Aƙilu mai kalangu, ko yana so ko ba ya so. Gajere ne, ga sanƙo, ga ido kamar na mai tsaron shanyar gero. Babu mai giftawa bai gan shi ba. Shi da marigayi Yaƙubu mai gurmi suka kafa ƙungiyar kiɗan garin, zamanin da furoje, shirin nan na raya karkara, ya sa jama'a jidar duwatsu da dashen itatuwa a bisa tudu. Su biyu rak, tsaye cikin rana suna yi wa masu aiki kiɗa, ladansu ƙwaryar fura. Daga baya mai goge ya zo daga Tamaske, mai sarewa ya biyo daga Tabotaki, samarin da suka dawo ci-rani suka shigo da jita. Yau ga riguna iri ɗaya, ga albashi duk wata, har suna ce wa kansu orkes, irin na makaɗan Turawa.

Abin da bai canza ba shi ne hannun Aƙilu. A wurinsa kowane mutum yana da take, ɗan kiɗan da ake gaishe shi da shi, kuma ka ga mutum ka hana shi takensa, wannan rashin tarbiyya ne. Ko ana tsakiyar waƙa, da zarar wani ya leƙo ƙofa sai kalangu ya saki hanya ya tafi tarya. Har mai gyaran lantarki da ya zo duba waya sai da ya sha nasa.

Ana haka Faruƙ, ɗan Yaƙubu, ya dawo daga Yamai da ilimin kiɗa da wata siririyar sanda ta jagorantar makaɗa, aka ba shi shugabancin ƙungiya, ana ce masa Shef.

"Baba," in ji shi, "kiɗan ga ba na gayya ba ne. In munka ɗauko shi tare, sai mu aje shi tare."

"To, Shef, mutum shi shigo, in yi kamar ban gan shi ba? Ni jaki ne?"

Faruƙ ya yi haƙuri har haƙurin ya ƙare. Ana gab da babban wasan da za su yi a gidan matasa, ya ja tsohon gefe ya faɗa masa cikin ladabi: in kalangu ya gaida ko mutum ɗaya a ranar, wani zai zauna a kujerarsa. Maganar ta yi wa Aƙilu zafi, kuma tsoro ya kama shi, don bai san abin da zai yi da kansa ba in babu ƙungiyar nan.

Ranar wasa, bayan la'asar, aka ɗauko kiɗa tiryan-tiryan. Wani babban ɗan kasuwa ya shigo, ya tsaya a ƙofa yana gyara babbar riga yana jiran takensa; Aƙilu ya zuba wa ƙasa ido. Surukin Aƙilu ya shigo, Aƙilu ya cije leɓe. Gumi har cikin kunne, amma wallahi tsohon ya daure.

Sai ga Habsa, matar marigayi Yaƙubu, uwar Faruƙ, tana dogara sanda. Tun rasuwar mijinta ba ta ƙara taka wurin kiɗa ba. Aƙilu bai yi shawara da kowa ba, hannunsa ma bai yi shawara da shi ba. Ya matse kalangu a hammata ya saki taken Yaƙubu. Tsohon mai goge ya bi shi, masu jita suka rikice, waƙa ta watse. Sandar Faruƙ ta tsaya a sama. Faruƙ ya san kiɗan nan tun yana goye, don haka ya waiwaya.

Habsa ta tsaya cak har aka gama, ta share ido da gefen mayafi, ta ce, "Ka cika sauri, Aƙilu. Tsufa ne ko tsoron yaro?"

Washegari Aƙilu ya tafi wurin gwajin kiɗa jiki a sanyaye, da niyyar ɗauko butarsa da tabarmarsa ya yi sallama. Ya tarar da kujerarsa tana nan, babu kowa a kai, sai dai an juya ta ta ba ƙofa baya.

"Zauna, Baba," in ji Faruƙ, bai ɗago kai ba. "Abin da ba ka gani ba, ba ka gaishe shi ba."

Haka yake zaune har yau, yana kiɗa yana fuskantar bango, manyan gari suna shigowa babu mai tarya. Habsa kuwa ba ta fashin wasa yanzu, kuma in ta iso bakin ƙofa sai ta tsaya ta yi tari.