Gemun Da Na Aske Ranar Yaye

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa na manta da su, amma daren da na kai ɗana yaye Damri yana nan daram, kuma ba na jin zai goge har in koma ga Allah. Yau yaron ya kusa kamo kafaɗata, amma duk ranar da na zauna gaban mai aski ya tambaye ni ko a taɓa gemu, daren nan nake tunawa, in ce masa ya bar shi yadda ya gan shi.

A lokacin ina zaune a Talata Mafara, ina da teburin nama a kasuwa. Iyayena suna Damri, inda mahaifina ya tsufa a harkar shanu. Ni ne ɗan farinsu, yaron nan kuma shi ne ɗan farina, wanda ya san gidaje irin namu ya san nauyin wannan magana. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. In zai kira ni sai ya ce "kai", in zai ba da labarina sai ya ce "wancan na Mafara". Inna kuwa in tana da magana da ni, ƙanwata take fuskanta ta faɗa, ni in tsinta daga gefe. Haka na tashi, haka kuma ake sa ran in yi wa nawa: kada in ɗauke shi gaban manya, kada in kira sunansa, ko faɗuwa ya yi in kau da kai.

A waje na iya wannan ƙwarai, har yabona ake yi. Asirina a cikin ɗaki yake. Tun yaron yana wata bakwai ya tsiri wata ɗabi'a: in ya gama shan nono ba ya barci sai an ɗora shi a ƙirjina, ya cusa 'yan yatsunsa cikin gemuna ya damƙe, yana murzawa har idonsa ya rufe. Ni kuma, in faɗi gaskiya, ban san wani abu a duniya da ya kai wannan yi mini daɗi ba. Daga ni sai uwarsa muka san zancen, kuma na riga na gargaɗe ta kada ya fita ƙofar ɗaki.

Da ya kai shekara biyu ba wata uku, Inna ta aiko ƙanwata ta zo ta tafi da angonta, don haka take kiransa, kamar yadda kakanni suke yi wa jikokinsu maza. Ana gobe za mu tafi matata ta ce mini, "Ka dai hwaɗa ma Inna gaskiya. Yaron ga ba shi kwana sai da gemu."

Na ce, "In buɗe baki gaban Inna in ce ɗan hwari bisa ƙirjina shika kwana? Ke kina iya hwaɗin haka gidanku?"

Ita ma ta san ba ta iyawa.

Abin da ya fi damuna shi ne kada mu isa, yaro ya miƙo hannu ya cafki gemuna a gaban Baba, asirin shekara guda ya tonu a minti ɗaya. Sai na yi wata dabara da a lokacin na ɗauka ta masu hankali ce. Da sassafe na je wurin wanzami na ce ya kwashe gemun tas. A lissafina, tun da za a raba shi da nono, gara a raba shi da gemun ma, a yi ta ta ƙare. Da na dawo gida matata ta dubi haɓata tana sheƙi, ta riƙe baki ta ce, "Allah shi kyauta."

Ƙanwata ta goya shi, na ɗauke su a babur, muka isa Damri bayan azahar. Mun tarar Inna ta yi shiri kamar mai jiran amarya. Ta sa 'yar katifa a kan gadonta ta wajen bango don kada ya mirgino, ta shimfiɗa leda a ƙasan tsohon zani saboda fitsarin kwance, ta ɗaura sabon gidan sauro. Ga kunun gyaɗa, ga dafaffen ƙwai, ga kuma rubutun dangana a kwalba, wanda malamin unguwa ya yi don yaro ya haƙura da nono. Yaro ya sake, ya sha kunu, ya wuni yana bin 'yan tsaki a tsakar gida. Inna ta dubi ƙanwata ta ce, "Ɗiya tara niy yaye bisa gadon ga, ba wanda yak kai isha'i ido biyu."

Bisa ƙa'ida bayan la'asar ya kamata in kama hanya, don uban yaro ba shi da aiki a gidan yaye. Na yi sallama da kowa, na isa zaure, ƙafa ta ƙi tafiya. Na duba hagu na duba dama, na tsuguna na sace iskar tayar baya da kaina. Sannan na je na durƙusa gaban Baba na ce taya ta yi faci, sai dai gobe. Yana zaune a kan buzunsa, farin gemunsa har ƙirji. Bai dubi babur ɗin ba, haɓata ya tsura wa ido, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Zahi aka yi Mafara?"

Na ce, "Ana taɓawa, Baba."

Ya ce, "To. Gobe ma rana ta."

Aka ba ni tabarma a zaure. Ana idar da isha'i aka sa ango a gadonsa, aka saki gidan sauro, shi kuma ya saki murya. Ban san ƙaramin mutum yana da irin wannan maƙogwaro ba. Inna ta sauko da shi tabarma, bai yi shiru ba. Ta goya shi ta yi ta zagaya tsakar gida, bai yi shiru ba. Aka ba shi rubutu ya furzar, aka ba shi ƙwai ya yi jifa da shi. Aka tuɓe masa riga aka haska ko kunama ce, ba a ga komai ba. Wata tsohuwa maƙwabciya ta shigo da garwashi da hayaƙinta, ta ce ita ta san irin wannan kuka, ba na banza ba ne. Ni kuwa ina kwance a zaure ina juyi, ni kaɗai na san maganin, kuma na san na baro shi a ƙasa a rumfar wanzami a Mafara.

Da abin ya ishe ni na yafito ƙanwata, na sa ta yi mini alkawarin ba za ta faɗa wa kowa ba, sannan na raɗa mata gaskiya. Ta yi dariya har sai da ta zauna a ƙasa tana toshe baki da gyale. Bayan ta nutsu ta koma ta ce wa Inna za ta fita da shi ya sha iska, ta kawo mini shi a ɓoye. Ina ɗora shi a ƙirjina ya yi tsit, sai ajiyar zuciya. Na ji ɗan hannun nan yana hawa a hankali, ya wuce wuya, ya isa haɓa. Ya shafa dama, ya shafa hagu. Ya ɗago kai ya kalle ni cikin hasken tocila kamar wanda aka musanya wa uba, sai ya ɓare baki da wani kukan da ya ninka na farko. Wannan na biyun har cikin raina na ji shi, don na farko kukan nono ne, wannan kuwa ni na jawo shi.

Daga nan hankali ya bar mu ni da ƙanwata. Lokacin masara ne, ta ruga ta tsinko gemun masara na kara a haɓata. Ja ɗaya ya yi ya zo masa a hannu, ya duba, ya yar. Ta ce ko a gwada bunsuru, kuma Allah ya sani sai da na waiwaya wajen turke na yi tunanin abin. A ƙarshe idona ya faɗa kan izgar saniya da Baba yake rataye a bangon zaure yana korar ƙuda da ita. Na ɗora ta a haɓa, ƙanwata ta cire ɗankwalinta ta zagayo da shi ta ɗaure mini a tsakiyar kai. Na koma na kwanta rigingine, aka ɗora mini yaro.

A haka hasken tocilar Baba ya same mu.

Magidanci mai teburin nama, kwance da wutsiyar saniya a haɓa, ɗankwalin mata a ka, ɗan fari a ƙirji yana tsala ihu. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ƙanwata ta manne da bango. Baba ya haska ni daga sama har ƙasa, bai yi dariya ba, bai yi faɗa ba, bai kuma tambayi komai ba. Ƙanwata kawai ya duba ya ce, "Miƙo shi nan." Ya saɓa shi a kafaɗa ya wuce ɗakinsa. Kafin in gama kwance ɗankwalin, gidan ya yi shiru kamar an ɗauke ruwa.

Da asuba ban ji motsin butar Baba ba, shi da yake riga kowa tashi. Na lallaɓa na leƙa ta gefen asabari. Yana kwance rigingine, ido biyu, yaro a ƙirjinsa ya nutsa hannu biyu cikin farin gemun nan yana sharar barci. Sai na ga Baba ya fara zare kansa. Ya ɗaga ƙaramin yatsan yaron, ya hura masa iska a hankali, ya jira, sannan ya ɗaga na kusa da shi. Na tsaya baki buɗe, don daidai haka nake yi a gida, kuma da ni a zatona ni na ƙirƙiro wannan dabara.

Da gari ya waye na ga rigar Baba a shanye a kan igiya, don ledar Inna tana can a gadon da ba a kwana a kai ba. Inna tana dama kunu tana mita, wai ta yi wa ango shimfiɗa ya tsallake ta ya tafi wurin abokin hamayyarsa. Ina durƙushe a gefe ina jiran a tsiyaya mini, kunya ta hana ni ɗaga kai. Ba ta kalle ni ba, ƙanwata ta fuskanta kamar kullum, ta ce, "Ke daina dariya, ga ubanai yag gado shi. Wancan na Mafara, da anka kai shi yaye ƙauyenmu, kwana ukku ba wanda yar runtsa. Sai tsohon ga yat tsiri hawa keke kullum bayan isha'i, wai saniya ta ɓace mashi yaka nema, sai asuba shi dawo. Saniya guda, sati biyu ana nema. Tun sannan aska ba ta koma taɓa haɓatai ba."

Na kasa shan kunun. Shekara talatin da wani abu ina kallon gemun nan ina jin tsoronsa, ban san ni na sa aka bar shi ba.

Da zan tafi na tarar da Baba a zaure yana kaɗa izgarsa, wadda ta koma bakin aikinta. Na durƙusa na ce zan tura babur wurin mai faci. Ya ce, "Kada ka wahal da mai faci. Famfon keke na nan bayan ƙohwa." Na ɗauko, tsohon famfo ne da ya sha ɗauri da roba, na ba taya iska ina sunkuye. Na tayar da babur ke nan ya ƙara da cewa, yana kallon wani wuri daban, "Kai. In ka koma ka bar shi shi tsiro. Yaro gida za shi komawa."

Na ce, "To, Baba." Ban kai bakin gari ba na tsaya na share ido, ba kuma iskar hanya ba ce.

Sati biyu yaron ya yi a Damri, duk a ɗakin Baba. Inna da kanta ta kwance gidan sauro ta naɗe leda ta kai can, tana cewa ita ta saki wannan ango. Ni kuma a Mafara kullum sai na shafa haɓa in ji ko ta fara ƙaiƙayi.

Abin da daren nan ya koya mini bai wuce wannan ba: in za ka kai yaro kwana wani gida, katifa da gidan sauro masu gida sun iya, abin da ba su sani ba shi ne da me yake barci, kuma wannan kai za ka buɗe baki ka faɗa ko da kunya za ta kashe ka. Kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba, amma ba yaro ne zai biya ta da kuka ba. Har Baba ya rasu bai taɓa kiran sunana ba, kuma tun daga wannan safiya ban sake jin ina buƙatar ya kira ba.