Gaiwa a Bakin Ƙofa

Shekarar da aka turo ni aikin gandun daji wani ƙauye na ƙasar Illela, ta wajen Tajaye, da kaka na iso, tabkin garin yana cike maƙil. Ni mutumin Damagaram ne, ban taɓa zaman yamma ba. Matata tana goyo, na bar ta wajen iyayenta, na taho da katifa da tukunya ɗaya da moton aiki, wato babur. Maigari ya ba ni ɗaki a ƙarshen gari, ƙofarsa tana kallon ruwa. Aikina shi ne in hana saran bagaruwar da ta kewaye tabkin, in kuma hana ɗana wa tsuntsaye tarko.

Tun ranar farko ake ce mini Mushe, yadda ake ce wa duk ma'aikacin da ya yi lakwal, wato makarantar boko. Ban daɗe ba na gane cewa ɗaya mushen suke nufi, wanda ake toshe hanci a kewaye shi. In na doso majalisa sai hira ta mutu. In na yi sallama a amsa mini da ladabi har da durƙusawa, sannan kowa ya tuna yana da aiki a gida. Ba su yi mini rashin mutunci ba ko sau ɗaya, kuma da sun yi da na fi jin daɗi, don mai zagi ma magana yake yi da kai. Kakin da ke jikina suke gani, sun kuma san abin da masu irinsa suka saba yi wa mai gatari.

Sai na koma wa tabki. Bayan sallar asuba nakan ɗauki shayina in zauna bakin ruwa. Kirinjijiya ce ke fara tashi, garke guda, suna fito kamar yara sun samu usur. Rana na ɗagowa bado ya buɗe fari fat har tsakiyar ruwa, shanun Fulani su gangaro da balbelu a gadon bayansu. Akwai wani zalɓe da ke tsayawa shi kaɗai cikin ciyawa, wuya a lanƙwashe, ba ya kula kowa, ba mai kula shi. Na ce wannan ma turo shi aka yi. Wani tsari kuma yana da kututturen da yake shan hantsi a kai, in na matso ya sulale cikin ruwa ba ko fantsama. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne zakaran ƙeƙuwa. Duk inda na sa ƙafa sai ya tashi yana ƙara yana kewaya kaina, har mutumin da ke wancan ƙetare ya san Mushe ya fito.

Waya ba ta kamawa sai a kan wani tudu gindin gawo. Can nake hawa da la'asar in kira gida, in ji kukan ɗana minti biyu, layi ya yanke. Akwai ranar da na lura tun safe ban buɗe baki ba in ban da salla, sai na gaida zalɓe da ƙarfi don in ji ko muryata tana nan. Kaɗaici ya ci ni a garin nan, ba na jin kunyar faɗa.

Da rani ya shigo ruwa ya riƙa ja da baya. Inda ya janye mutane suka bi shi da albasa da tumatir, bayansu kuma laka ta bushe ta tsattsage har ƙafa tana iya shigewa. A kan wannan busasshiyar laka na fara ganin wani tsoho, siriri, da ɗan gatarin haƙa da buhu. Yakan yi taku kaɗan ya tsuguna, ya ƙwanƙwasa ƙasa da yatsu, ya kara kunne. Na zaci tarko yake binnewa. Na gyara hula na nufe shi da muryar aiki.

Bai tashi ba, bai durƙusa ba. Ya ɗago hannu ya ce, "Yi kurum, Mushe. Takalminka na kore min kihi."

Na ce, "Baba, wane kifi a kan tudu?"

Ya ce, "Taho ka jiya."

Na tsuguna da kakina na kara kunne. Ya sake kaɗa yatsunsa a ƙasa, a hankali, tif-tif-tif, kamar yayyafin farko. Sai na ji wani ɗan gurnani daga ƙarƙashinmu. Na zabura, tsoho ya yi dariya har da tari. Ya haƙa kamu ɗaya da rabi ya ciro dunƙulen laka, ya fasa, sai ga gaiwa a naɗe cikin wata fata siririya, kanta a kan wutsiya, da ranta.

Shi ya koya mini sha'aninta. In ruwa zai ƙafe sai ta nutse cikin laka, ta bar 'yar kafa ta numfashi, ta kwanta wata da watanni ba ci ba sha. Mutane suna cewa jikinta take ci. Ba a ganinta, ba a jin motsinta, abu ɗaya ne ke tona ta. Ya ce, "Ta daɗe tana jiran ruwa. In ta ji ƙwanƙwasa ta aza shi ne yaz zo, sai ta amsa. Da ta yi kurum da ba mai samun ta."

Daga ranar kullum da hantsi muna tare. Yana tafe ina biye da buhu. In rana ta yi zafi mu zauna gindin wata kurna, in dafa shayi, ya yi ta tsiya wai shayin Damagaram ruwan wanke kofi ne. Ni kuma in ce Hausarsu ta yamma sai da tafinta. Ya nuna mini inda kififiya ke binne ƙwai, ya koya mini bambanta sawun dinya da na agwagwar gida. A bakinsa na ji cewa matarsa ta rasu shekarun baya, 'ya'yansa maza biyu suna Libiya, matar babban ce ke kai masa tuwo. Ya ce sa'o'insa duk sun riga shi, samari kuma in ya fara zance sai su duba waya. Ni dai na samu wanda zan ce wa ina kwana ya tsaya ya ji amsa. Har matata ta ce muryata ta canza.

Wajen wata uku muna haka. Ranar nan na kai moto gyara Illela, ban sa kaki ba. Mai gyaran mutum ne mai surutu, yana kwance ƙafar moto yana ba abokansa labari. Wai a wani gari bakin tabki an kai wani mushen gandun daji mai tsanani, awaki suna cinye wa mutane albasa, shi kuma ya hana a sari ƙaya a yi shinge. Sai gari ya haɗa baki aka tura masa tsoho mai haƙar gaiwa. Tsoho ya ƙwanƙwasa, Mushe ya amsa. Suna wannan ƙetare suna shan shayi, amalanke tana wancan ƙetare tana kwasar reshen bagaruwa. Aka fashe da dariya. Ni ma na yi, don kada a gane ni.

Ban bi ta gida ba, na zarce arewacin tabki inda na daɗe ban leƙa ba. Ga bagaruwa nan an rage mata rassa, wurin saran har ya yi baƙi ya fara toho. Ba a kayar da ko ɗaya ba, wannan na gani, amma a lokacin ba itacen ne ya dame ni ba. Dariyar ce ke ci mini rai. Banza ba ta kai zomo kasuwa, ni ne ban tambayi kaina ba.

Na same shi gindin kurna ya hura mini gawayi yana jira. Ko zama ban yi ba na ce, "Baba, ashe aiko ka aka yi?"

Ya dube ni ya ce, "Aiko ni anka yi. Ba ni yi maka ƙarya."

Na ce, "To ka iya aiki. An gode."

Ya ce, "Tsaya, ɗana. Shingen nan kwana bakwai anka yi shi anka gama. Yau wata nawa muna zama nan? Sauran kwanakkin wa ya aiko ni?"

Tambaya ce mai sauƙi, ɗan aji ɗaya zai amsa ta. Amma ina da zuciya, tun ina yaro uwata take faɗa mini. Na ɗauki butar shayina da nake bari a wurin na juya, na bar shi da gawayi yana ci.

Kwana biyu bayan haka na buɗe ƙofa na tarar da dunƙulen laka a kan dokin ƙofa, ba a fasa ba, 'yar kafar numfashin tana sama. Na gane saƙon wane ne. Na sa ƙafa na ture shi gefe, ya gangara ƙarƙashin indararo, na bar shi nan. Ina hango tsohon daga nesa yana tsugune a kan laka, sai in canza hanya. Daga baya na daina hango shi, na ce zafin bazara ne ya hana shi fita. Tabki ya koma ɗan kududdufi kore, kirinjijiya ta yi ƙaura, bado ya mutu. Zalɓe kaɗai ya rage, da ni. Cikin wannan hali aka kira mu taro a Ƙonni, na yi mako guda na dawo, gari yana nan yadda na bar shi, ana gaishe ni ana wucewa.

Shamuwa ta iso ta fara gini a kan gawo. Kwana huɗu da dawowata, da la'asar, gabas ta haɗe, aka sako ruwan farko kamar da bakin ƙwarya. Da ya tsagaita na fito duba moto, sai na ga abu yana motsi ƙarƙashin indararo. Laka ta narke. Gaiwa ce, ta rame, tana jan jiki cikin ɗan ruwan da ya taru, tana buɗe baki. Kusan wata biyu tana nan bakin ƙofata da ranta, ina tsallake ta safe da yamma. A tsaye a wurin na yi lissafin da na ƙi yi gindin kurna, na cire kwana bakwai daga wata uku.

Na sa ta a bokiti na ratsa gari, mutane suna kallon Mushe da bokiti cikin caɓi. Ban taɓa zuwa gidansa ba, sai da na tambaya. Na yi sallama a zaure, surukarsa ta amsa daga bayan zana. Na ce a gaya wa Baba baƙonsa na bakin tabki ya zo.

Ta ce, "Mushe, ba ka jiya ba? Baba ya rasu, kana wajen tahiya. Jiya anka yi sadakar bakwai."

Na ce, "Ba wanda ya gaya mini."

Ta ce, "Mun aza ba ruwanka." Can kuma ta ƙara, "Har ya kwanta yana tambaya ko ka sa mata ruwa."

Na yi mata gaisuwa, ban san me na ce ba. Na gangara tabki. Sabon ruwa ya riga ya rufe tsagar laka har kusa da kurna, ja, yana ɗauke da kara da kashin awaki, kwaɗi sun cika duniya da kuka. Tokar gawayinmu ma ruwa ya tafi da ita. Na karkata bokiti, gaiwa ta zame ta kwanta a ƙasan ruwa kamar ba za ta tafi ba, sannan ta kaɗa wutsiya ta shige.

Na daɗe a tsugune. Sai da aka kira magariba na lura yatsuna suna ta kaɗa gindin bokiti, tif-tif-tif, ni kuma na kasa kunne.